"NEPA CE TA ƘONA": BARGON DA MUKE RUFE ASIRIN FAWA-FAK DA SHI



Maudu'in wannan makon zai sosa wa wasu rai, musamman abokanmu masu haɗa kwamfuta da masu sayar da kayanta. Ku yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk kwamfutar tebur da ta mutu a ƙasar nan, daga shagon buga takardu na bakin tasha har ofishin makaranta, kafin a kwance ta an riga an yanke hukunci: NEPA ce ta ƙona. Mai gyara ya faɗa, mai shago ya gyaɗa kai, a yi wa KEDCO Allah ya isa, a sake haɗa kuɗi a hau mota zuwa Kano. Ba wanda zai tambayi wane irin akwatin wuta aka sa mata ranar da aka haɗa ta. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci tun a teburin mai haɗawa aka yanka su, NEPA fiɗa kawai ta zo ta yi.

Dalilin da ya sa maganar ta zama dole yanzu a fili yake. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A 2024 WAEC ma ta fara gwada hakan da masu zana jarrabawa daga waje. A 2022 gwamnatin Buhari ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo, kuma duk inda ɗalibi ya sauka, buga takarda da rajista da furojet suna biye da shi. Ga masu hoto da bidiyon biki, ga masu zanen fosta da kalanda. Matasanmu sun ga wannan kasuwa, suna sayar da buhunan masara da gyaɗa, wani ya ɗauki adashin mahaifiyarsa, wani ya rabu da babur ɗinsa, don ya haɗa na'ura ya buɗe shago. Dala kuma da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Bod ɗin da ya ƙone yau, ba irin wanda ya ƙone shekara biyar da suka wuce ba ne. Jarin mutum ne gaba ɗaya.

MENE NE AIKIN WANNAN AKWATI?

Fawa-fak shi ne akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kesin, inda kake cusa wayar wuta. Wutar bango a Najeriya, a ƙa'ida, volt 230 ce, mai kai-da-komowa sau 50 a daƙiƙa. Babu wani abu a cikin kwamfuta da ke iya shan wannan kai tsaye. Fawa-fak ne ke karɓarta ya tace ta, ya sauke ta zuwa wuta mai gudu a hanya ɗaya, ya raba ta gida uku: volt 12 a wayoyi masu ruwan ɗorawa, volt 5 a jajaye, volt 3.3 a masu ruwan lemo. Baƙaƙen su ne na dawowa.

Ƙa'idar ATX da kamfanin Intel ya fito da ita tun 1995, wadda har yau a kanta ake haɗa kwamfutar tebur, ta yi iyaka: kada waɗannan layuka su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100. Wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ko ana aiki mai nauyi ko ana zaune. Ta kuma ce idan wuta ta ƙyafta, akwatin ya iya riƙe na'urar na kimanin kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa, wanda shi ne ɗan lokacin da UPS ke buƙata ya karɓi aiki.

Akwatin kirki yana da masu gadi a cikinsa. Akwai mai kashe shi idan wutar da yake fitarwa ta yi sama, akwai na idan ta yi ƙasa, akwai na idan an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, akwai na idan wayoyi sun haɗu, akwai na zafi. A jikin kwali za ka gan su da haruffa: OVP, UVP, OPP, OCP, SCP, OTP. Amfaninsu ɗaya ne: idan masifa ta zo, akwatin ya kashe kansa, in ta kama ma ya mutu shi kaɗai, ya bar bod da farosesa da had-dis da rai. Akwatin banza kuwa waɗannan masu gadin su ne abin da aka fara cirewa don farashi ya sauka. Shi ya sa idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja duk gidan.

To ka ga kowace kwamfuta a unguwa wutar taransifoma ɗaya take sha. Me ya sa ta wane ta ƙone ƙurmus, ta maƙwabcinsa kuwa fiyus kawai ta ci? Wannan tambayar ce "NEPA ce ta ƙona" ke hana mu yi.

ƘARYAR DA KE JIKIN TAKARDA

Ku ɗauki irin akwatin nan da ake bayarwa kyauta tare da kesin, wanda aka buga wa 650W da manyan haruffa. Ku sauko ƙasa kan ɗan jadawalin da ke jikinsa, ku nemi inda aka rubuta +12V, ku ga amfiya nawa ke ƙarƙashinsa. Lissafin na 'yan firamare ne: volt sau amfiya shi ne wat. Idan an rubuta 18A, to 12 sau 18 ya ba ka wat 216. Kwamfutar zamani kuwa kusan duk abincinta daga layin 12 take ci, farosesa da girafik-kad duka a nan suke. Ke nan akwatin da aka sayar maka a matsayin 650, abin da zai iya ba ka inda kake buƙata bai kai 220 ba, in ma gaskiya suka rubuta a jadawalin. A akwatin kirki, idan ka yi wannan lissafi za ka tarar layin 12 shi kaɗai ya kusa cike adadin da aka rubuta a sama.

Sai tambarin 80 PLUS. Shiri ne da aka fara a Amurka a 2004, kuma abu ɗaya yake aunawa: nawa ne daga wutar da akwatin ya ja ta isa cikin kwamfuta, nawa ta tafi a zafi. Mafi ƙaranci kashi 80. Mai tambarin Bronze kashi 85 a rabin kaya, mai Gold kashi 90. Tambarin bai ce akwai masu gadi a ciki ba, bai ce kafasita masu kyau ba ne. Kuma sitika ce, duk mai injin buga takarda zai iya yin ta. Wanda yake so ya tabbatar, akwai jerin akwatunan da aka gwada a shafin shirin a intanet, a nemi lambar samfurin a ciki.

Ko sunan kamfani ma bai isa shaida ba. A 2021 masu gwajin kayan kwamfuta na tashar Gamers Nexus sun nuna wa duniya wasu akwatunan Gigabyte, samfurin GP-P750GM da GP-P850GM, suna fashewa da tartsatsi a wajen gwaji, alhali suna ɗauke da tambarin Gold. Kamfanin da kansa ya fito ya ce a dawo da su a musanya. Wannan babban kamfani ke nan da ake iya kamawa a kunyata. Ina kuma ga akwatin da ba suna, ba adireshi, sai hoton damisa ko walƙiya?

SU WAYE MASU LAIFIN?

Na farko mai sayarwa. Ba duka ba, don a Farm Centre da titin Beirut akwai mutanen kirki da za su gaya maka gaskiya ko da cinikin zai lalace. Amma akwai wanda ya san sarai abin da ke cikin kwalin nan, ya san nauyinsa bai kai na bulo ɗin sabulu ba, ya ce maka "wannan orijina ne, ɗauki kawai." Wannan algus ne, daidai da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake. Bambancin kawai, tsakuwa haƙori ɗaya take karyawa, wannan kuwa jari yake cinyewa.

Na biyu mai haɗawa, kuma shi na fi jin haushi, don shi aka ba amana. An ba shi kuɗi dunƙule an ce haɗo min na'ura. Ya san mai kuɗin zai duba farosesa, zai duba RAM, zai duba girman had-dis, don duk waɗannan Windows tana nuna su a allo. Abu ɗaya ne Windows ba ta nunawa: fawa-fak. To a nan yake yanke ribarsa. Bayan wata shida na'ura ta fara kashe kanta, a dawo masa da ita, ya caji kuɗin gyara, ya ce wutar garinku ce ba ta da kyau. Ya ci a haɗawa, ya ci a gyara, KEDCO ta ɗauki zagin.

Na uku kai mai saye. Tambayarka kullum biyu ce: ko nawa ce, RAM nawa? Za ka yi awa guda kana ciniki a kan kesin mai gilashi da fanka mai fitilu kala-kala, amma idan aka zo kan akwatin wuta sai ka ce "sa min kowanne, ai duk wuta ce." Malam, za ka sayi sa na dubban ɗaruruwa ka ɗaure shi da zaren ɗinki? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

AMMA AI WUTAR TAMU BA TA DA KYAU

Gaskiya ne, kuma ban zo wanke kowa ba. Tun da aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, KEDCO ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, kuma kowa a nan ya san awa nawa yake ganin haske a mako. A Oktoban 2024 kusan duk Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarna. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Wanda ke ƙarshen dogon layi kuma ya san lo-karen, ya san yadda ƙwan fitila ke zama kamar garwashi da magariba.

Sai dai wannan hujja a kaina take ƙarfafa, ba a kanku ba. Mutumin Jamus da wutarsa ba ta ƙyaftawa zai iya caca da akwatin banza ya sha. Kai da ka san hanyar garinku ramuka ce, kai ne ya kamata ka fi kowa kula da taya. Rashin kyan wuta dalili ne na sayen akwati mai kyau. Mun juya shi ya zama uzurin sayen marar kyau.

Ku ƙara da yanayinmu. A Maris da Afrilu zafin ƙasar Kano yana haura digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Masana sun san cewa kafasita irin wadda ke cikin fawa-fak, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage mata kusan rabin kwana. Akwatunan kirki ana auna ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50, kuma ana sa musu kafasita masu jure 105. Masu araha sau da yawa a ɗaki mai sanyi aka auna su, kafasitarsu ta 85 ce. Sannan hunturu ya zo da ƙura ta toshe fanka. Akwatin da zai yi shekaru a Turai yana lallaɓawa, a Kabo bazara ɗaya ta ishe shi.

"NI NAWA SHEKARA BIYAR YANA AIKI"

Na san wani zai rubuta wannan a ƙasa. Allah Ya ƙara masa kwana. Amma ka duba me kake yi da ita. Kwamfutar da ba ta wuce buga wasiƙa ba, abin da take ja bai fi wat 60 zuwa 100 ba, ko akwatin ƙarya zai iya ɗauka. Ranar da ka sa mata girafik-kad don ka fara haɗa bidiyo, ranar za ka san me ka saya. Sannan akwatin banza ba kullum da ƙara da hayaƙi yake kisa ba. Yana iya shekara yana ba bod wuta mai datti, yau na'ura ta daskare, gobe allo ya yi shuɗi, jibi had-dis ya fara ƙara. Sai a ce bairos ne, a yi fomatin, a biya. A sake, a biya. Ba wanda ya lissafa waɗannan a cikin kuɗin akwatin.

Kuma ba ƙarfe kaɗai ake asara ba. Furojet ɗin ɗaliba da ta yi wata uku tana rubutawa yana ciki. Bidiyon ɗaurin auren da ba za a sake ɗaurawa ba yana ciki. Sakamakon jarrabawar makaranta guda yana ciki. Bod ana sayen wani. Amincin da mutane suka ba shagonka idan ya ƙone, ba a sayar da shi a Farm Centre.

"BA KUƊI"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ina girmama ta. Amma ku zo mu yi lissafi. A ce kwamfutarka ta haɗa bidiyo tana buƙatar wat 300. Akwatin da ke isar da kashi 70 zai ja kusan wat 429 daga bango. Mai isar da kashi 90 zai ja 333. Bambanci wat 95, kuma duk zafi yake zama a cikin kesin. A aikin awa 10, wat-awa 950 ke nan. Batirin sola mai 200Ah a volt 12 yana ɗaukar wat-awa 2,400, kuma in kana so ya daɗe rabi kawai za ka sha, wato 1,200. Ka ga akwatin araha ya kusa shanye maka batiri guda kullum a banza. Mai janareta kuma, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya san kuɗin kowace lita. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta ko araha.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi: ka ware wa akwatin wuta kimanin kashi 10 na kuɗin na'urar tun farko, kafin ka fara cinikin sauran. In kuɗi bai kai ba, sauko da farosesa mataki ɗaya, ko ka fara da RAM 8 ka ƙara daga baya, ko ka haƙura da kesin mai fitilu. Duk waɗannan ana ƙara su gobe. In kuma aikinka buga takarda ne da rajista, wallahi tsohuwar Dell ko HP ta kwatano da akwatinta na asali ta fi maka sabuwar haɗi mai akwatin bogi, don manyan masana'antu irin su Delta da Lite-On ne ke yi musu. Ka dai sani ƙarfinsu kaɗan ne, ba a yi su don babban girafik-kad ba, kuma da yawansu bakin wayarsu na musamman ne, ba ya shiga kowane bod.

YADDA ZA KA ZAƁA

Fara da lissafin abin da za ka ɗora. Misali, farosesa Core i5-12400 tana iya kaiwa wat 117 idan ta ɗau zafi. Girafik-kad RTX 3060 yana cin wat 170. Bod da RAM da SSD da fankoki ka ba su kamar 50. Jimla wajen 340. Kamfanin Nvidia da kansa 550 ya ce a sa wa wannan kad. Wato ka bar sarari, kada akwati ya riƙa aiki a maƙogwaro. Ba kuma sai ka sayi 1,000 ba. Wat 550 na gaskiya ya fi 1,000 na ƙarya.

Duba wutar da yake karɓa. Wanda aka rubuta wa 100-240V yana iya ci gaba da aiki ko wutar gari ta yi ƙasa sosai. Wanda aka rubuta wa 200-240V kawai, da lo-karen ta zo zai fara shure-shure. A garuruwanmu na farkon za ka nema.

Duba sunan da ake iya bibiya, da lambar samfuri. Seasonic, FSP, Super Flower da Delta su ke ƙera nasu. Corsair, Cooler Master, be quiet! da makamantansu yawanci wasu masana'antu ke ƙera musu, kuma kowannensu yana da na sama da na ƙasa. Ka sa lambar samfurin a waya ka ga abin da masu gwaji suka ce kafin ka biya. Garanti ma alama ce: akwai akwatunan da ake ba shekara 10, har da 12. Ko da ba za ka iya mayar da shi Taiwan daga Gwarzo ba, kamfanin da ya yarda ya ɗau alhakin shekara 10 ya san abin da ya zuba a ciki.

Ɗaga shi a hannu. Nauyi ba hujja ba ce cikakkiya, amma akwatin da ka ji shi kamar gwangwanin madara, ajiye shi.

Idan na hannu ne daga Amurka, duba bayansa. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, saboda wutar can volt 120 ce. In yana kan 115 ka cusa shi a bangonmu, ƙara ɗaya za ka ji. Wannan kuskure ya kashe na'urori da yawa, kuma duk NEPA aka ɗora wa.

ABIN DA KE TSAKANINSA DA BANGO

Sitabilaiza tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali. Ba ta riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ba ta kuma mayar da akwatin banza na kirki. UPS ne ke ba ka mintunan da za ka adana aiki ka kashe. Amma ku lura, lambar da ke jikinsa VA ce. Mai 650VA abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba. Haka nan UPS da inbata masu araha wutarsu mai tsalle-tsalle ce, kuma wasu akwatunan zamani ba sa jituwa da ita, sai na'ura ta mutu daidai lokacin da UPS ya karɓa. A nemi wanda aka rubuta wa "pure sine wave".

Akwai masifar da duk waɗannan ba su cika tsayar da ita ba. Idan wayar nutural ta tsinke ko ɓarayi suka sace ta a taransifoma, wutar da ke shigowa gida tana iya tunkarar volt 400. Maganinta ɗan na'urar nan mai yanke wuta idan ta wuce iyaka, irin wadda ake sa wa firji, mai jira kaɗan kafin ta sake buɗewa. Kuɗinta bai kai na maus da kibod masu kyau ba. A kira mai wayarin na gaske ya sa ta, ya kuma kafa wa shagon wayar ƙasa. In kana taɓa kesin yana ɗan jan ka, shagonka ba shi da ita, kuma soket mai kariya ba ya cika aikinsa sai da ita.

Ƙaramin janareta irin Taiga ba shi da abin daidaita wuta, kada a haɗa shi da kwamfuta kai tsaye. Ko babba ne, a bari ya daidaita kafin a kunna na'ura, a kashe na'ura kafin a kashe shi. Da damina idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

RANAR KUNNAWA TA FARKO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa bod, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi, a taɓa ƙarfen kesin. A tabbatar ƙusoshin da ke ɗaga bod daga jikin kesin suna wurinsu. A cusa babbar waya mai baki 24 har ta yi ƙara. Mai baki 8 ta farosesa daban take da mai baki 8 ta girafik-kad, kada a tilasta ɗaya a ramin ɗaya. Akwatin da ake cire wa wayoyi, wayoyinsa kawai za a sa masa, don na wani kamfani ko sun shiga ramin tsarinsu na iya bambanta, su ƙona had-dis nan take. In akwatin ba shi da wayar girafik-kad, kada a yi masa dabara da adafta daga wayar SATA. Wannan baki wat 54 aka yi shi ya ɗauka, kad kuwa yana neman 75 ko 150. Rashin wayar saƙo ne cewa akwatin ba na wannan aiki ba ne.

A sa mita a auna: ruwan ɗorawa da baƙi su ba da kusan 12, ja da baƙi kusan 5. Kada a sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsirara, don in ta ɗauke a tsakiya bod na iya zama allo. Wanda zai sa Windows ya tuna Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman farosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Bayan an gama, a sa manhajar gwaji irin OCCT ta matsa wa na'urar na awa guda a gaban mai ita. In za ta mutu, ta mutu a shagon mai haɗawa. A gida kuma a ɗora ta kan tebur, a bar wa fanka hanyar iska, a riƙa busa mata ƙura da abin hura iska lokaci-lokaci. Kada kowa ya kwance fawa-fak don gyara in ba aikinsa ba ne. Babbar kafasitar ciki tana riƙe fiye da volt 300 ko bayan an zare waya.

ABIN DA NAKE NEMA

Daga masu haɗawa: ku rubuta sunan fawa-fak da lambar samfurinsa a rasit, kamar yadda kuke rubuta farosesa. Wanda ya ƙi, ya gaya mana dalili.

Daga shugabannin makarantu da masu buɗe cibiyar jarrabawa: idan za ku ba da kwangilar kwamfuta 50 ko 100, ku sa akwatin wuta a cikin takardar sharaɗi, ku sa a buɗe kesin biyar a gabanku. Yaron da na'ura ta mutu masa a tsakiyar JAMB ba ruwansa da ribar ɗan kwangila.

Daga shugabannin wannan zaure: ina ba da shawara duk mai tallar kwamfutar tebur a nan ya haɗa da hoton takardar jikin fawa-fak, yadda za a iya karanta layin +12V. Ba hoto, ba talla.

Daga kai mai karatu: in kana da kwamfuta a shago ko a gida, yau ka kashe ta, ka zare waya, ka buɗe murfin gefe, ka ɗauki hoton takardar ka sa a ƙasan wannan rubutu. Akwai masu sani a zauren nan da za su yi maka lissafin kyauta. Masu gyara da ke ganin na zalunce su kuma, fili naku ne, ku zo da hujja da lamba, za mu karanta.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.